Man Rosmeri: Zafi Ba Alamar Aiki Ba Ne

Masu sauraronmu na cikin birnin Abuja da kewaye, daga Kubwa zuwa Gwagwalada, daga Nyanya da Karu zuwa Lugbe da Kuje, barkanmu da sake saduwa a filin sharhi. Yau maganarmu a kan wata 'yar kwalba ce da ba ta fi tsawon yatsa ba, amma ta shiga ɗakunan matanmu, ta shiga shagunan kitso, har ta kai ga samarin da ke fafutukar ganin gemu ya cika. Ina nufin man rosmeri.

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan kwalliya a kasuwar Wuse ko ta Utako ya gan shi. Wanda bai je kasuwa ba kuwa, kasuwar ta iske shi a waya, ta TikTok da Instagram da zaurukan WhatsApp. Kirarin da ake yi masa ba shi da iyaka: yana dawo da gashin gaban goshi, yana kashe amosani, yana hana zubewa, yana maganin sanƙo. Sai mai talla ta rufe da maganar da ke kwantar da hankalin mai saye: "Na ganye ne, Hajiya, babu sinadari a ciki." Idan an shafa fata ta ɗauki zafi, aka koma da ƙorafi, amsa a shirye take: "Ai aiki yake yi, ki daure."

Waɗannan maganganu biyu nake so mu warware yau, domin babu gaskiya a ko ɗaya. Man nan sinadari ne tsantsa, kuma zafin da yake sa wa fata rauni ne. Ban zo in ce a daina amfani da shi ba. Na zo in ce a riƙe shi yadda ake riƙe magani, da awo da sanin wanda ya dace da shi, a daina riƙe shi kamar man kitso.

Mu fara da abin da ke cikin kwalbar. Rosmeri ɗan tsiro ne mai siraran ganye da ƙamshi, asalinsa ƙasashen gaɓar Bahar Rum. Masu magungunan Musulunci sun san shi da iklilul jabal, masu girki kuma suna sa ganyensa a gashin kaza da nama. A girki babu wata damuwa, an daɗe ana ci lafiya. Man da muke magana a kai daban ne. Ana zuba ganye a tukunya ta musamman, a tura masa tururi, tururin ya kwaso man ƙamshin, a sanyaya shi, a yaɗe man da ya taso a kan ruwa. Daga kilo 100 na ganye, abin da ake samu bai cika wuce kilo 2 ba. Ke nan kwalba mai cin mililita 10 ta tattara ƙarfin kusan rabin kilo na ganye ko fiye. Maroko da Tunisiya da Sifaniya su ne kan gaba wajen tatsarsa.

Kuma ba iri ɗaya ba ne. Kundin ƙa'idojin magunguna na Turai ya raba shi gida biyu. Na Maroko da Tunisiya ya fi yawan sinadarin siniyol, kashi 38 zuwa 55 cikin 100, wato sinadarin nan mai ratsa hanci da ke cikin man bishiyar turare. Na Sifaniya ya fi yawan kafur, kashi 13 zuwa 21 cikin 100. To jama'a, abin da kusan kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa kan iya zama kafur, yaya za a ce babu sinadari a cikinsa? A Amurka, tun 1983 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta kayyade cewa kada kafur ya wuce kashi 11 cikin 100 a magungunan shafawa da ake saye ba da takardar likita ba, saboda yaran da ya riƙa yi wa illa.

Daga ina man ya samu wannan suna? Akwai bincike, kuma adalci ne mu faɗe shi yadda yake. A 2015 wasu likitoci a Tehran ta ƙasar Iran, ƙarƙashin jagorancin Yunes Panahi, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan mutum 100 masu sanƙon gado. Suka raba su biyu: 50 suka shafa man rosmeri, 50 suka shafa maganin minoksidil mai ƙarfin kashi 2 cikin 100. Bayan wata 3 babu wani canji a kowane ɓangare. Bayan wata 6 gashi ya ɗan ƙaru a ɓangarorin biyu, babu wanda ya tsere wa ɗan'uwansa. Wannan shi ne tushen maganar da ake yaɗawa cewa rosmeri daidai yake da maganin asibiti.

Amma ku lura da abin da masu talla ba sa faɗa. Mutum 100 ne kawai. Babu rukuni na uku da aka ba man da ba shi da magani a ciki, balle a gane ko tausar kai ta kullum ce ta kawo canjin. Minoksidil ɗin da aka gwada da shi mai rauni ne, domin wanda aka fi ba maza shi ne mai kashi 5. Cutar da aka duba sanƙon gado ne, ba zubewar gashin mai jego ba, ba cinyewar gaban goshi ta kitso ba. Sannan a wannan binciken kansa, ƙaiƙayin kai ya ƙaru a ɓangarorin biyu, ko da yake ya fi yawa ga masu minoksidil.

Akwai wani binciken da ya riga shi, a garin Abadin na Sikotland a 1998, a kan mutum 86 masu cutar da ke sa gashi zubewa fili-fili a kai. An haɗa man rosmeri da wasu mayukan ƙamshi uku, aka tsarma su a man shafawa mai laushi, aka yi wata 7 ana tausa. Kashi 44 cikin 100 na masu haɗin sun ga sauƙi, masu man laushin zalla kuma kashi 15. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, sai dai haɗi ne na mai huɗu, ba a san rabon kowanne ba, kuma tsarmamme ne, ba tsantsa ba.

Sauran aikin intanet ce ta yi shi. A ƙarshen 2022 wani man gashi na kamfanin Mielle mai ɗauke da rosmeri da na'a-na'a ya yi tashe a TikTok har ya riƙa ƙarewa a shagunan Amurka, kuma a Janairun 2023 babban kamfanin Procter & Gamble ya sanar da sayen kamfanin. Guguwar ba ta daɗe ba ta iso mana, kowa ya shiga haɗa nasa a ɗaki yana liƙa takarda.

Yanzu ga abin da yake yi wa fata. Likitocin fata sun raba illar gida biyu, kuma sanin bambancinsu yana da amfani.

Ta farko ƙuna ce ta kai tsaye. Saman fatar mutum akwai wani siririn shinge na maiƙo da ke riƙe danshi, yake kuma hana ƙazanta shiga. Tataccen man ƙamshi yana narkar da wannan shinge. Cikin mintoci ko 'yan sa'o'i wurin ya ɗau zafi, ya yi ƙaiƙayi, daga baya ya bushe ya riƙa saɓa. Wannan na iya samun kowa, gwargwadon ƙarfin man da daɗewarsa a jiki. A farar fata wurin ja yake yi, kowa ya gani. A baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi duhu ko toka-toka, shi ya sa da yawa ba sa gane ƙuna ce sai ta yi nisa. Sanyi-sanyin da ake ji da ɗan tsikari kuwa, kafur da siniyol ne ke taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi da zafi. Ba saiwar gashi ce ke motsi ba.

Ta biyu ita ce alaji, kuma ta fi wuyar sha'ani. Mutum zai yi makonni ko watanni yana shafawa lafiya lau, garkuwar jikinsa na nan tana haddace sinadarin a matsayin abokin gaba. Rana ɗaya sai ya shafa, bayan kwana 1 zuwa 3 ƙuraje su feso, wani lokaci da ƙananan ƙulli masu ruwa. Sau da yawa ba a tsakiyar kai suke fitowa ba, sai a goshi, bayan kunne, wuya da fatar ido, inda fata ta fi laushi kuma man ke gangarowa da gumi. Da yake ba nan take abin ke faruwa ba, sai a zargi sabulu, ko abinci, ko a ce sammu ne, a ci gaba da shafa mai laifin. Kuma in jiki ya riga ya haddace, yawanci ya haddace ke nan har abada. Duk sabulu ko turare ko man da ke da wannan sinadarin zai iya tayar da ciwon. Shafa tsantsar mai na ƙara yiwuwar faɗawa wannan hali.

Gaskiya ne rosmeri ba ya cikin mayukan da suka fi zafi. Man kanumfari da man kirfa sun fi shi ƙona fata nesa ba kusa ba. Amma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai, a bayanin da ta fitar kan man rosmeri a 2010, ta rubuta cewa an samu rahoton kumburin fata na alaji, ta hana sa shi a kan ciwo ko fatar da ta riga ta fusata, ta hana kai shi kusa da ido. A 2023 kuma Tarayyar ta ƙara kafur cikin jerin sinadaran ƙamshi da dole a rubuta sunansu a jikin kayan kwalliya, domin masu alaji su san abin da za su guje wa.

Mu da ke da baƙar fata muna da ƙarin asara. Duk inda fatarmu ta ƙone ko ta kumbura, takan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni kafin ya washe. Daga nan ne matsala ke haifar 'ya'ya. Mace ta shafa mai don gashin goshi, goshin ya yi baƙi, ta nufi kemis a ba ta man nan mai haɗi uku da ke ɗauke da sitiroyid, ko ta koma wa mai haɗin da ta sayar mata da na farko ta karɓo man goge tabo. Sitiroyid ya kwantar da ƙaiƙayin kwana biyu, in an daɗe ana shafawa ya sirantar da fata, ya kawo ƙuraje da nankarwa. Ba a banza ba hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya a Fabrairun 2023. Garin neman gira a rasa ido, in ji Hausawa.

Yanayin Abuja ma yana da nasa hannun. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, fata a bushe take, ta tsattsage tun kafin a sa mata komai, man da ta jure da damina sai ya ƙona ta. Daga Maris kuma zafi ya sauko. Zafi da hasken rana da iska suna lalata man ƙamshi, sinadaran cikinsa su rikiɗe su zama waɗanda suka fi tayar da alaji. Kwalbar da ta yi watanni a kan tebur a rana a bakin kasuwa, ko a cikin motar da aka ajiye a filin sakatariya tun safe, ba ita ce ta baro masana'anta ba. Shi ya sa man kirki ke zuwa a kwalbar gilashi mai duhu, da murfi mai ɗigo.

Sai kuma yadda muke sarrafa kanmu. A shafa mai, a ɗaura ɗankwali, a ɗora hijabi ko hular gashi, a wuni cikin gumi. Rufewa da ɗumi suna ƙara wa fata shan abin da aka sa mata. Wata ta sa rilaksa yau, kan na raɗaɗi, gobe ta bi shi da rosmeri. Wata ta cire gam ɗin hular gashi ta shafa a wurin da ya saɓule. Saurayi ya tashi daga kujerar mai aski, reza ta kankare fata, a bi shi da mai. Wani ma har da abin nan mai ƙananan allurai yake gurzawa a haɓa, sannan ya ɗiga tsantsar mai a ramukan da ya huda da hannunsa. Duk waɗannan fata ce mai rauni, irin wadda aka ce kada a sa mata.

Iyayenmu mata, a nan nake roƙon ku ƙara kasa kunne, domin maganar yara ta wuce ta ƙaiƙayi. Fatar jariri siririya ce, abin da aka shafa mata yana shiga jini da sauri. Kafur na iya jawo jijjiga ga yaro, siniyol kuma in ya kusanci hancin jariri yana iya taɓa numfashinsa. Kada a shafa wa jariri man rosmeri, kada a sa a maɗiga don gashi ya fito, kada a ɗiga a ruwan wankansa. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, yana tasowa sama ne ya manne a fata da cikakken ƙarfinsa. Hukumar Turai da na ambata ba ta ba da shawarar amfani da shi ga wanda bai kai shekara 18 ba, haka mai ciki da mai shayarwa, saboda babu isasshen binciken da ya tabbatar da amincinsa a gare su.

Masu farfaɗiya su ma su nisance shi. A 1999 wasu likitocin ƙwaƙwalwa a Janiba ta Suwizalan sun lissafa tsirrai 11 da mansu ke iya tayar da jijjiga, rosmeri na ciki. A 2021 likitoci a kudancin Indiya sun ba da rahoton mutum 55 da jijjigarsu ke da alaƙa da man bishiyar turare da kafur, wasu shafawa suka yi, wasu shaƙa, wasu sha. Siniyol ɗin da ke cikin man bishiyar turare da kafur kuwa suna cikin manyan sinadaran rosmeri. Mai asma shi ma ya yi hattara da turara shi a ɗaki rufe.

Sha kuwa babu shi sam. Idan tsautsayi ya sa yaro ya kurɓa, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba. Amai na iya tura man cikin huhu, abin ya fi na farko muni. A ɗauki yaron da kwalbar a nufi asibiti mafi kusa nan take, ko da bai nuna alamar komai ba. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15 sannan a je a duba.

Tambayar da ta kamata a fara yi kafin a sayi kowane mai ita ce: me ya sa gashin ke zubewa? Kowane lafiyayyen mutum na zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, wannan ba ciwo ba ne. Mai jego kan ga gashi na zuba sosai wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, kuma yawanci da kansa yake dawowa kafin yaro ya shekara. Ta shafa mai a wata na biyar, gashi ya dawo a na tara, mai ya kwashe yabo a banza. Ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, zazzaɓi mai tsanani, duk suna zubar da gashi, kuma gwajin jini ne ke gano su. Yaron da ke da makero maganin sha yake bukata na makonni, shafe-shafe ba ya kai wa ga saiwar. Mai amosani kuma ya sani cewa ƙwayar da ke haddasa shi maiƙo take ci, labta wa kai man zaitun na iya ƙara mata ƙarfi.

Cinyewar gaban goshi, wadda ita ce ta fi kai mata ga wannan kwalba, mafi yawanci ja ne ke kawo ta: kitso mai tsauri, ƙarin gashin doki mai nauyi, ɗaurin da ke sa gira ta ɗaga. Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town ta duba wannan a Afirka ta Kudu a 2007, ta tarar kusan kashi 32 cikin 100 na matan da ta duba suna da shi, 'yan mata 'yan makaranta kuma kashi 17, kuma ya fi tsanani in an ja gashin da aka sa wa rilaksa. In an sassauta da wuri gashi na dawowa. In an daɗe, saiwar ta mutu wurin ya zama tabo, babu man da zai tsirar da shi. Don haka Hajiya, in kin tashi daga gaban mai kitso kina neman maganin ciwon kai, gyaran yana wurin mai kitso, ba a kwalba ba. Irin wannan rarrabewa ita ce aikin likitan fata, kuma akwai su a Babban Asibitin Ƙasa da ke nan cikin gari da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada.

To, wanda yake babba, lafiyayye, fatarsa ba ciwo, kuma yana son gwadawa, yaya zai yi? Ya auna. Man nan kamar kanwa ne a miyar kuka, ɗan kaɗan ya gyara, hannu ya zarce a zubar da tukunya. Awon da masana suka saba bayarwa shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin 100. A aikace, ɗigo 1 ko 2 a cikin cokalin shayi ɗaya na man kwakwa, ko man kaɗanya da aka narkar. A babban cokali, ɗigo 3 zuwa 6. Kada a ƙara da kanumfari da na'a-na'a da citta a kwaɓa wuri guda, domin in fata ta yi bore ba za a san mai laifi ba.

Kafin a kai shi ka, a gwada haɗin a cikin dantse, wuri kamar faɗin kwabo, safe da yamma har mako guda, tunda alaji ba ya nuna kansa rana ɗaya. Amare su lura da wannan, ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon mai ba abin gwadawa ba ne ana saura kwana uku kamu. In gwaji ya wuce lafiya, a shafa kaɗan a fatar kai, a wanke hannu kafin a taɓa ido ko a ɗauki yaro. Da zarar an ji raɗaɗi ko ƙaiƙayi, a wanke da sabulu marar ƙamshi da ruwa mai yawa, a daina. In fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti kai tsaye. Sannan a yi haƙuri da lissafi: gashi na tsawo kusan santimita 1 ne a wata. Duk wanda ya nuna miki hoton gashi har gadon baya cikin mako uku, hoton ne ya yi aiki.

A kuma san abin da ake saye, domin abu huɗu ne ke yawo da suna ɗaya. Akwai tataccen man da muka yi bayani. Akwai man girki ko na shafawa da aka jiƙa ganye a ciki, wanda ya fi sauƙi ƙwarai, sai dai in ganyen ɗanye ne yakan yi fumfuna. Akwai ruwan dafaffen ganye da ake fesawa, wanda ke lalacewa cikin 'yan kwanaki in babu firji, kuma kun san halin wutarmu. Akwai kuma man ƙamshin ɗaki da na kyandir, wanda ba don fata aka yi shi ba ko kaɗan. Kwalbar da ba ta faɗi wanne ne a ciki ba, ba ta cancanci kuɗinku ba.

Nauyin bai tsaya kan mai saye ba. Hedikwatar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, tana nan Wuse shiyya ta 7, kuma kayan kwalliya na cikin abin da doka ta ɗora mata. Ka'ida ce kaya su ɗauki lambar rajista, sunan mai yi da adireshinsa, jerin abin da ke ciki, lambar rukuni da ranar lalacewa. A kuma fahimta, lambar da hukumar ke ba maganin gargajiya a matakin farko shaida ce cewa an duba amincinsa, ba shaida ce cewa yana warkar da abin da aka ce ba. Kiranmu ga hukumar shi ne ta bi kasuwar inda ta koma, wato cikin waya, ta kuma wajabta rubuta ƙarfin mai da gargaɗin yara da masu ciki da masu farfaɗiya, da Hausa da sauran harsunan da masu saye ke karantawa. Wanda mai ya yi wa illa ya kai rahoto, ta ofishin hukumar ko ta manhajar Med Safety da ta ƙaddamar a 2020. Ƙorafin da ya tsaya a zauren WhatsApp ba ya shiga lissafin kowa. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu, wadda ta samar da maganin sikila na Niprisan daga tsirranmu, tana da ƙwarewar da za ta auna mayukan da ke kasuwannin Abuja, a gwada su a kan irin fatarmu da irin gashinmu, mu daina dogaro da gwajin mutum 100 a Tehran.

Ku kuma 'yan'uwa masu haɗawa da sayarwa, sana'arku halal ce, da ita da yawa ke ciyar da gida. Ku kare ta da gaskiya. Ku rubuta abin da kuka zuba da yawansa. Ku tambayi mai saye ko tana da ciki, ko yaro za a shafa wa, ko akwai mai farfaɗiya a gidan. In ta dawo tana cewa yana mata zafi, ku ce ta wanke ta daina, kada ku ce ta daure. Cinikin kwalba ɗaya bai kai amanar da za ku rasa ba ranar da goshinta ya ƙone.

Masu sauraro, abin da za ku riƙe ke nan: a nemi dalilin zubewar gashi tukuna, a tsarma, a gwada a dantse, a nisanta shi da yara da masu ciki da masu farfaɗiya, in ya yi zafi a wanke. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun sake saduwa a sharhi na gaba. Wassalamu alaikum.